BABI NA UKU: DAGA ƊAKIN CIN ABINCI ZUWA NEMAN KWALI: SAUYIN TUNANIN ƊALIBAN JAMI'A A AREWACIN NIJERIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin shigowar ilmin boko ƙasar Hausa, tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano cikin 1909, har zuwa kafuwar Kwalejin Katsina a 1921. Wannan babi kuwa zai dubi shi ɗalibin kansa ne, wato yadda yake kallon karatun jami'a, da abin da yake jin al'umma tana binsa saboda wannan karatu. Za a fi mayar da hankali kan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, domin ita ce uwa ga jami'o'in Arewa, kuma a cikinta ne akasarin abubuwan da za a ambata suka faru.

Sau da yawa akan ji dattawa suna cewa ɗaliban dā masu kishin ƙasa ne, na yanzu kuwa ba su san kowa ba sai kansu. Mai wannan nazari bai musa cewa an sami canji ba. Abin da yake so ya nuna shi ne, canjin bai taso daga lalacewar hali kawai ba. A kowane zamani tunanin ɗalibi yana bin sawun abu biyu ne: wanda ya ɗauki nauyin cinsa da kwanansa a makaranta, da kuma abin da ke jiransa a bakin ƙofa ranar da ya gama.

3.1 Zamanin Ladan Kuturu

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426, bayan Hukumar Ashby ta ba da shawarar ƙara yawan jami'o'i a rahotonta na 1960. Kafin nan ɗan Arewa mai son digiri sai ya tafi Ibadan, inda aka kafa kwalejin jami'a a 1948, ko kuma ya ƙetara Ingila. Masu wannan dama ba su taka kara sun karya ba. Hasali ma ko da aka buɗe jami'ar a Samaru, da yawa daga cikin ɗaliban farko 'yan Kudu ne, saboda Arewa ba ta da isassun waɗanda suka cika sharuɗɗan shiga. Wannan ne ya sa daga baya, a zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, aka kafa makarantar share fagen shiga jami'a domin cike giɓin.

Ya kamata a lura da halin da ake ciki a lokacin. Gwamnatin Sardauna tana tsakiyar aiwatar da manufarta ta mayar da ayyukan gwamnatin Jihar Arewa hannun 'yan Arewa. Turawa suna tattara kayansu, kujeru suna zama babu kowa, ga shi kuwa ba a son cike su da mutanen wata jiha. Saboda haka gwamnati ce take neman ɗalibi, ba shi ke nemanta ba. Ita ke biya masa kuɗin makaranta, ta ba shi na littattafai da na kashewa. A jami'a akwai ɗakin cin abinci safe da rana da dare, akwai masu wanki da masu gyaran ɗaki. Waɗanda suka yi karatu a wannan zamani har yau sukan ba da labarin kazar ranar Lahadi. Kafin mutum ya rubuta jarrabawar ƙarshe an riga an san ma'aikatar da za shi, da gida da rancen mota suna jiransa.

Bahaushe ya ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yaron da aka ɗauko daga ƙauye, wataƙila ma uwarsa tana kuka ranar da dogarin hakimi ya zo tafiya da shi makarantar elemantare, aka ciyar da shi da kuɗin haraji da jangali har ya zama Di'o ko likita, ba abin mamaki ba ne idan ya ɗauki iliminsa a matsayin amana. Yana ganin kansa wakilin garinsu ne da lardinsu, kuma karatunsa wani ɓangare ne na tseren da Arewa take yi don ta kamo Kudu.

Sai dai kuma bai kamata a wanke wannan rukuni tas ba. Kishin yanki da kishin kujera a wurinsu tare suke tafiya, da wuya a raba. Misali, lokacin da Janar Ironsi ya fito da Doka ta 34 a watan Mayu na 1966, wadda ta rushe tsarin tarayya ta kuma nemi haɗe ma'aikatan ƙasar wuri ɗaya, ɗaliban Zariya suna cikin na farko da suka fito zanga-zanga. Daga cikin abin da ya tayar musu da hankali akwai tsoron cewa guraben da ke jiransu za su koma hannun waɗanda suka riga su yin nisa a boko. Wannan zanga-zanga ta rikiɗe ta zama kashe-kashen da aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa. Ke nan tun daga farko akwai lissafin abin da mutum zai samu a cikin maganar. Bambancin kawai shi ne a lokacin samun ɗalibi da ci gaban yankinsa hanyarsu ɗaya ce. Haka kuma a 1973, da gwamnatin Janar Gowon ta kawo shirin bautar ƙasa, ɗaliban jami'o'i da zanga-zanga suka fara tarbarsa, domin suna ganin za a jinkirta musu kama aiki da shekara guda.

3.2 Ɗalibi a Matsayin Bakin Talaka

Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur ya shigo, makarantu suka yawaita. A 1975 aka kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a, ciki har da na Sakkwato da Maiduguri da Jos, sannan Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. A wannan shekara kuma aka soke kuɗin karatu a jami'o'in tarayya. Sakamakon haka shi ne 'ya'yan manoma da na maƙera da na ƙananan malamai suka cika Samaru da Kongo, ba kamar zamanin Kwalejin Katsina ba, inda 'ya'yan sarakuna da na ma'aikatan En'e suka fi yawa.

Waɗannan samari sun tarar da malamai masu zafin ra'ayi, irin su Dokta Yusufu Bala Usman na sashen tarihi da Dokta Patrick Wilmot na sashen nazarin zamantakewa. Maganar wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, da yaƙin neman 'yancin Angola da Mozambik, da tambayar wa ke cin moriyar arzikin mai, su ne hirar ɗakunan kwana. Daga waje kuma ga tasirin Malam Aminu Kano da aƙidarsa ta 'yantar da talaka, wadda ta sake samun ƙarfi da kafuwar jam'iyyar PRP a 1978. A nan ne tunanin ɗalibi ya yi juyi na farko. Ya ci gaba da jin ana binsa bashi, amma ya canza mai bashin. Ba gwamnati ba ce kuma, talaka ne wanda da guminsa da arzikin ƙasarsa aka gina jami'ar. Aikin mai ilmi, a wannan fahimta, shi ne ya faɗi abin da manomi ba shi da bakin faɗa, ko da gwamnatin da ke ciyar da shi ce za ta ji ba daɗi.

Abin da ya faru a watan Afrilu na 1978 shi ne babban misali. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta ƙara kuɗin abincin ɗalibi na yini daga naira ɗaya da kobo hamsin zuwa naira biyu. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, a ƙarƙashin Segun Okeowo, ta kira ƙaurace wa darussa, aka kuma ɗora laifin a kan kwamishinan ilmi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. Daga nan ne rikicin ya sami sunan da aka san shi da shi, "Ali Must Go", wato dole Ali ya sauka. An kashe ɗalibi a Ikko, sannan sojoji suka buɗe wuta a Samaru aka rasa rayukan wasu. Gwamnatin Janar Obasanjo ta rufe jami'o'i, ta haramta ƙungiyar, ta kori wasu malamai da shugabannin jami'a. A 1980 ɗalibai suka sake haɗuwa a ƙarƙashin sabon suna, NANS.

Wanda ya ji an mutu a kan kobo hamsin zai iya cewa wauta ce. Amma ɗaliban ba kobo hamsin suke gani ba. Suna ganin an soma janye hannu ne daga alkawarin cewa ɗan talaka zai yi karatu har iyakar ƙoƙarinsa, kuma idan aka bari wannan ta wuce, saura ma za su biyo baya. Abin da ya faru daga baya ya nuna ba su yi kuskuren hange ba.

Akwai wani abu da masu bayar da labarin wannan zamani ba su cika tsayawa a kansa ba, alhali a ganin mai nazari shi ne ƙashin bayan al'amarin, wato shi ɗakin cin abincin kansa. Dubban matasa daga Borno da Binuwai da Ilori da Kano suna bin layi ɗaya sau uku a rana, suna cin tuwo daga tukunya ɗaya, a farashi ɗaya. Idan miya ta lalace, ta lalace wa kowa. Idan an ƙara kuɗi, an ƙara wa ɗan sarki da ɗan almajiri. Shugaban ɗalibai ba ya bukatar wahalar tara jama'a, domin cokali ya riga ya tara masa su. Hawa kan tebur kawai zai yi. Saboda haka lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta janye tallafin ciyar da ɗalibai a 1984, ba kuɗi kaɗai ta tsimi ba. Daga ranar kowa ya koma ga aljihun ubansa. Mai hali ya nufi wurin masu sayar da abinci, marar hali ya kunna risho a lungun ɗaki yana dafa garau-garau. Mutanen da ba su ci tare ba, da wuya su yi fushi tare.

Duk da haka wutar ba ta mutu nan take ba. A 1986 ɗaliban Zariya suka yi jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe a 1978. Hukumar jami'a, a zamanin Farfesa Ango Abdullahi, ta hukunta shugabanninsu bisa laifin cewa maza sun shiga ɗakin kwanan mata na Amina. Ɗalibai suka ƙi yarda, aka kira 'yan sanda, kuma ranar 23 ga Mayu aka harbe mutane a harabar jami'a. Hukuma ta ce huɗu ne suka mutu, ciki har da ɗaliba mace; ɗalibai kuwa sun ce adadin ya fi haka. Jami'o'in ƙasar suka ɗauka gaba ɗaya, har ƙungiyar ƙwadago ta shirya fitowa don nuna goyon baya, gwamnati ta hana. Bayan shekara uku, a Mayu da Yuni na 1989, ɗalibai suka sake jagorantar boren ƙin jinin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida. Wannan karon ba a kan abincinsu ba ne, a kan tsadar rayuwar kowa ne, shi ya sa 'yan kasuwa da marasa aiki suka bi bayansu. A wannan shekara aka kafa Doka ta 47 wadda ta ba hukuma ikon rushe kowace ƙungiyar ɗalibai. Kafin nan, a 1988, an riga an kori Dokta Wilmot daga ƙasar.

Ba za a bar wannan sashe ba sai an ambaci cewa ba dukkan ɗalibai ne suka bi tafarkin 'yan gurguzu ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Ikko tun 1954, ta yi ƙarfi ƙwarai a Zariya da Kano, musamman bayan juyin juya halin Iran na 1979, haka ma ƙungiyoyin ɗalibai Kirista. Su ma suna ganin jami'a wurin gyara al'umma ce, sai dai ma'aunin gyaran ne ya bambanta. Rikicin da ya faro daga Kwalejin Ilmi ta Kafanchan a watan Maris na 1987 ya nuna yadda wannan rarrabuwa ta yi zurfi.

3.3 Zamanin Kwali

Shirin gyaran tattalin arziki da aka soma a 1986 shi ne ya karya ɗaya ƙafar. A 1985 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja a farashin gwamnati. Zuwa 1993 sai an ba da fiye da naira 20 kafin a sami dala. Littattafan waje da kayan ɗakin gwaji suka gagara saye. Albashin malami ya zama abin dariya, ƙwararru da yawa suka tafi Saudiyya da Amurka da Kudancin Afirka. Ɗakin da aka gina don mutum biyu ya koma ɗaukar shida ko takwas. Maimakon ɗakin karatu, sai takardun darasi da ake sayarwa, waɗanda ɗalibai ke kira handawut. A ɓangaren gwamnati kuma aka dakatar da ɗaukar ma'aikata, aka shiga rage waɗanda ke akwai. Masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa, waɗanda dā suke ɗaukar masu digiri, suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan ne jagorancin fafutukar ceto jami'a ya bar hannun ɗalibai ya koma hannun malamai. Ƙungiyar ASUU, a ƙarƙashin Dokta Attahiru Jega na Jami'ar Bayero, ta yi dogon yajin aiki a 1992, wanda ya haifar da asusun harajin ilmi a 1993, shi ne ya zama TETFund a 2011. Babu shakka an sami gine-gine ta wannan hanya. Amma ga ɗalibi, yajin aiki ya zama abin da ake yi a kansa, ba abin da yake yi ba. Shi dai a ce masa ya tattara ya tafi gida. Ita kanta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta yi suna wajen ja da sojoji, a 1995 soja aka naɗa mata ya riƙe ta shi kaɗai, wato Manjo Janar Mamman Kontagora.

Tun da wannan nazari a sashen Hausa ake yin sa, ya dace a dubi abin da harshe ya adana. Mutanen dā sukan ce wane ya tafi "ƙaro ilmi". A bakin ɗaliban yau kalmar da ta fi yawo ita ce "kwali". Za ka ji an ce "mu dai mu samu kwalin", ko "kwali ba ya ba da abinci", ko "ajiye kwalinka ka nemi sana'a". Asalin kwali takarda ce mai kauri da ake zuba kaya a ciki, a yar bayan an kwashe. Kiran shaidar digiri da wannan suna ya nuna an raba takardar da ilmin da ya kamata ta tsaya a madadinsa. Sauran kalmomin da ke rakiyarta su ne "hanya" da "sanayya" da "ƙafa", waɗanda duk suke nufin abu ɗaya: kwalin ma shi kaɗai ba ya buɗe ƙofa. Mafi munin wannan yanke ƙauna shi ne abin da aka gani a Maiduguri da kewayenta kafin rikicin 2009, inda wasu masu digiri daga cikin mabiya Muhammad Yusuf suka yayyaga takardunsu da hannunsu. Kishiyar wannan hoto kuma ita ce ta ranar 15 ga Maris, 2014, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa riƙe da takardunsu suka cika filayen wasa don jarrabawar shiga aikin shige da fice, aka yi turmutsitsi a Abuja da Minna da wasu garuruwa, mutane fiye da goma suka mutu.

Abin mamaki shi ne duk da haka neman shiga jami'a bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. A 2024 kusan mutum miliyan biyu ne suka yi rajistar jarrabawar JAMB. Tun da aka ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi a 1999, yawan jami'o'in ƙasar ya haura 250. A ƙasar Hausa, inda dā ake ɓoye yara a rumbu don gudun boko, yau uba ne ke sayar da gona ko tumaki don ya biya wa 'yarsa kuɗin rajista, musamman idan fannin lafiya ta samu. To amma wanda mahaifinsa ya sayar da gona saboda shi, ya san wanda yake binsa bashi, kuma ba "talakawan Nijeriya" ba ne. Mahaifiyarsa ce da ƙannensa. Idan aka ce ya fito zanga-zanga, abin da zai fara tunawa shi ne za a iya rufe makaranta, a ƙara masa shekara, a kuma ɗora masa kuɗin gyaran abin da aka fasa.

Mai wannan nazari yana cikin waɗanda yajin aikin 2020 na wata tara da na 2022 na wata takwas suka rutsa da su. A cikin 'yan ajinsa akwai wanda ya koma gyaran waya, akwai mai sayar da atamfa da turare ta WhatsApp, akwai wanda ya kama tuƙin a-daidaita-sahu, akwai kuma waɗanda aka yi musu aure ba su dawo ba. Da aka koma makaranta babu wanda ya yi maganar taro ko takardar koke. Tambayar kowa ita ce yaushe za a yi jarrabawa. Mafi yawansu kuma ba su saki sana'ar ba, saboda sun fi amincewa da ita a kan abin da suke karantawa. Wannan ba rashin tunani ba ne. Sun duba na gaba da su ne suka ga inda kwali ya kai su. Kuma ba gaskiya ba ne a ce sun daina damuwa da jama'a ɗungum. Ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwa da ƙananan hukumomi suna koyar da yara kyauta lokacin hutu, suna tara kuɗi don wanda rajista ta gagara, suna ba da jini a asibiti. Abin da ya ɓace shi ne yardar cewa ɗalibi, don yana ɗalibi, yana da hurumin yin magana da yawun ƙasa baki ɗaya. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta na 2024, wadda ta girgiza Kano da Kaduna, ba ƙungiyar ɗalibai ce ta kira ta ba, alhali a 1989 su ne a gaba.

Mataki na baya-bayan nan shi ne na bashin karatu. A 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista, a shekarar kuma aka sa hannu a dokar bai wa ɗalibai rance, wadda aka sake fasalinta a watan Afrilu na 2024, aka kafa asusun NELFUND. Bisa wannan doka, ɗalibi zai soma biya ne shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi goma cikin ɗari na abin da yake samu. Da yawa daga ɗaliban Arewa sun karɓa, musamman da yake babu kuɗin ruwa a ciki. Ɗalibin 1962 an ce masa Arewa na binsa, ba a faɗa masa nawa ba. Na 2024 kuwa an rubuta masa adadin a naira, da sunansa da lambar asusunsa na banki.